Yadda Ake Tuƙa Mota Mai Giyar Hannu

Wahalar mota mai giyar hannu, wadda direbobi ke kira manuwal, kusan duk a ƙafar hagu take. Sitiyari da birki da totur ba sa ba mai koyo wuya sosai. Kuloci ne ke sa mota ta mutu a gaban danja, ko ta riƙa zabura kamar dokin da bai saba da linzami ba. Fedarsa tana da doguwar tafiya daga ƙasa zuwa sama, amma wurin da yake aiki a cikin tafiyar nan bai fi faɗin yatsu biyu ba. Yawancin abin da ke cikin wannan bayani hanya ce ta koya wa ƙafarka gane wannan ɗan wuri.

Abubuwan da za ka tanada

- Mota mai lafiyar birki, da birkin hannu mai kamawa da kyau, da batir mai ƙarfi. Batir yana da muhimmanci domin a ranar farko motar za ta mutu sau da yawa, kuma kowane tayarwa yana jan wuta.
- Fili shimfiɗaɗɗe, babu gangara, babu yara ko dabbobi, mai tsawon aƙalla mita 100.
- Takalmi mai siririn ƙasa wanda ya kama ƙafa. Silifas yana zamewa ko ya maƙale ƙarƙashin feda, takalmi mai kaurin ƙasa kuma yana hana ka jin motsin kuloci.
- Gogaggen direba mai lasisi kuma mai haƙuri, ya zauna a gefenka inda hannunsa zai kai ga birkin hannu. Kafin ka hau titi, ka mallaki takardar izinin koyo kamar yadda dokar wurin da kake ta tanada.
- Robobi fanko guda huɗu ko shida don yin alamar wurin tsayawa da wurin shan kwana.
- Minti 30 zuwa 45 a kowane zama. Abin da ya wuce haka ƙafa ta gaji, kuma gajiyayyiyar ƙafa kuskure take koyo.

Idan akwai zaɓi tsakanin mota mai fetur da mai dizal, ta dizal ta fi sauƙin tashi saboda injinta yana da ƙarfi tun yana juyawa a hankali. Sai dai wanda ya koya da mai fetur ba ya shan wuya idan ya koma dizal, alhali wanda ya fara da dizal yakan kashe mai fetur sau da yawa kafin ya saba.

Ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka fara

Muddin inji yana kunne, juyawa yake yi, ko mota na tafiya ko tana tsaye. Kuloci ne ke haɗa injin da giya, shi ne kuma ke raba su. Faifai ne mai kaushi da aka matse da sifirin mai ƙarfi a jikin wani faifan ƙarfe mai nauyi da inji ke juyawa. Ka taka feda har ƙasa, sun rabu. Ka ɗage ƙafa gaba ɗaya, sun manne suna juyawa tare. A tsakanin nan akwai inda suke fara taɓa juna suna goga, shi za mu kira makama. Wannan goga ita ke ba ka damar tashi a hankali, ita ce kuma ke cinye faifan. Don haka ana shiga makama ne da dalili, a fita da wuri.

Giya kuwa: ƙarama tana da ƙarfi ba gudu, babba tana da gudu ba ƙarfi. Wannan ya ishe ka.

Mataki na 1: Gyara zama

Fedoji uku ne, daga hagu zuwa dama: kuloci, birki, totur. Haka suke ko sitiyari yana hagu ko yana dama. Ƙafar hagu ta kuloci ce kaɗai. Ƙafar dama ita ke kai da kawo tsakanin birki da totur.

Matso da kujera har sai ka iya taka kuloci ya taɓa ƙasa, gwiwarka da ɗan lanƙwasa, ba tare da ka zame daga jingina ba. Wanda ya zauna nesa ba ya kai kuloci ƙarshe, daga nan giya take fara ƙara. Miƙa hannu: wuyan hannunka ya kai saman sitiyari kafaɗunka na jingine. Gyara madubai uku, ɗaura bel. Duba tabarmar ƙasa, domin idan ta tattare a ƙarƙashin feda tana hana kuloci kaiwa ƙasa.

Mataki na 2: Koyi wurin giya inji a kashe

Ja birkin hannu, taka kuloci, ka dubi zanen da ke kan sandar giya. A yawancin motoci masu giya biyar, 1 tana hagu gaba, 2 hagu baya, 3 tsakiya gaba, 4 tsakiya baya, 5 dama gaba. Idan ba ta cikin kowace giya an ce tana firi, kuma a firi sandar tana lilo hagu da dama. Akwai sifirin da ke mayar da ita tsakiya, daidai tsakanin 3 da 4. Wannan sifirin abokin aikinka ne:

Daga 1 zuwa 2, riƙe sandar ta jingina hagu ka jawo baya. Daga 2 zuwa 3, tura gaba zuwa firi, sassauta hannu ta koma tsakiya da kanta, sannan ka tura gaba. Daga 3 zuwa 4, jawo baya kai tsaye ba tare da karkata ba. Daga 4 zuwa 5, gaba zuwa firi, dama har ƙarshe, sai gaba. Daga 5 zuwa 4, fito da ita, bar ta ta dawo tsakiya, sai baya.

Da tafin hannu ake bi da ita, ba a damƙe ta kamar za a tuge turke. Maimaita har sai ka iya sa kowace giya idonka na kallon gaba. Wanda ke sunkuyawa neman giya, sitiyari na bin kansa ne ba tare da ya sani ba.

Ribas ta bambanta daga mota zuwa mota. A wasu tana dama baya, ƙarƙashin 5. A wasu tana kusa da 1, sai an ɗaga wani zobe da ke ƙarƙashin kan sandar, ko a danna sandar ƙasa kamar yadda yake a motocin Volkswagen da yawa. Ka san taka tun yanzu.

Mataki na 3: Tayar da inji

Birkin hannu a ja. Taka kuloci har ƙasa. Girgiza sanda ka tabbata tana firi. Murɗa makulli, ka sake shi da zarar inji ya kama. Kada ka taka totur, motocin zamani ba sa bukata. Da yawa daga cikinsu ma ba za su tashi ba sai an taka kuloci. Ko motarka ba ta bukatar haka, ka mayar da shi ɗabi'a, domin ranar da wani ya bar motar a giya, kulocin ne zai hana ta zabura ta doki abin da ke gabanta.

Idan akwai agogon da ke nuna juyin inji, mai lambobi daga 1 zuwa 7 ko 8, kowace lamba juyi dubu ne a minti ɗaya. Injin fetur da ya ɗumama yana tsayawa wajen 700 zuwa 900 idan ba a taka totur ba. Wannan shi ne sulo. Saurari ƙararsa ka riƙe ta a kunnenka.

Mataki na 4: Nemo makama, ba tare da totur ba

Nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka, ko da zai cinye zaman farko gaba ɗaya.

Taka kuloci har ƙasa, sa giya 1, taka birki da ƙafar dama, sauke birkin hannu. Duba gabanka, sannan ka ɗage ƙafa daga birki. A fili shimfiɗaɗɗe motar ba za ta motsa ba. Yanzu fara ɗaga kuloci a hankali ƙwarai, kamar kana tafiya a ɗakin da jariri ke barci. Da farko ba abin da zai faru. Can za ka ji abu uku kusan a tare: ƙarar inji ta ɗan yi ƙasa, allurar juyin inji ta ɗan sauka, jikin motar ya ɗauki wata 'yar rawa. Ka iso makama.

Tsayar da ƙafarka a nan. Wannan tsayawar ita ce dukan darasin. Mai koyo yana jin mota ta motsa sai ya ɗauka aiki ya ƙare, ya fizge ƙafa, motar ta yi tsalle ta mutu. A lokacin da ta fara motsi, inji yana juyawa da sauri tayoyi kuwa yanzu suka fara, suna bukatar daƙiƙa biyu ko uku kafin su kamo shi. Ƙidaya a ranka: ɗaya, biyu, uku. Idan motar ta kai saurin tafiyar mutum a ƙasa, ɗage sauran kulocin a hankali, ka ajiye ƙafar a gefe.

Ka bar motar ta yi mita goma tana rarrafe, sai ka taka kuloci har ƙasa, ka taka birki. Sake yi. Yi sau ashirin, ko fiye. Sannan ka ƙara wannan: a kan makama, danna feda ƙasa da kaurin yatsa ɗaya, za ka ga motar ta rage. Ɗago da kaurin yatsa ɗaya, ta ƙara. Da wannan ɗan motsi ake shiga wurin fakin, da shi ake bin cunkoso.

Game da dunduniya: wasu suna kafa ta a ƙasa da zarar sun iso makama, wasu suna ɗaga ƙafar gaba ɗaya daga gwiwa. Ya danganta da tsawon ƙafa da tsayin feda. Wanda ya ba ka damar tsayawa cak ba rawa, shi ne naka. Ga mai ƙaramar ƙafa, ɗagawa daga gwiwa ya fi.

Idan injin motar ƙarami ne har yana neman mutuwa ko da ka bi a hankali, kashe na'urar sanyaya mota, domin tana cin ƙarfin inji. Idan bai isa ba, wuce zuwa mataki na gaba.

Mataki na 5: Tashi da totur

A kan titi ba za ka tashi da sulo kaɗai ba. Kuloci ƙasa, giya 1. Ɗora ƙafar dama a totur ka danna kaɗan har allura ta kai wajen 1,500, ka riƙe a nan. In babu agogo, ƙarar ta ɗan ɗara ta sulo, kamar gurnani, ba ihu ba. Ɗago kuloci zuwa makama. Duba madubai, waiwaya ta kan kafaɗa, kunna sigina, sauke birkin hannu. Motar na fara tafiya, ƙara totur kaɗan-kaɗan yayin da kake ƙarasa ɗage kuloci.

Kura-kurai uku ne ake yi a nan. Totur kaɗan da sakin kuloci da sauri, mota ta mutu. Totur da yawa da sakin kuloci da sauri, taya ta yi ƙara mota ta zabura. Totur da yawa da riƙe kuloci ya daɗe a makama, inji na ihu mota na jan ciki, can sai ka ji wari kamar na ƙonannen roba. Na ukun ya fi tsada, domin faifan ne ke ƙonewa.

Idan mota ta fara tsalle-tsalle, taka kuloci har ƙasa. Duk wani rikici a ƙaramin gudu, taka kuloci yana yanke shi, sai birki ya biyo.

Idan ta mutu: birki, birkin hannu, kuloci ƙasa, firi, tayar, giya 1, duba madubi, tashi. Masu hon a bayanka ba za su ƙara maka komai ba sai ruɗewa, kuma wanda ya yi gaggawa a nan yakan kashe ta sau biyu. Kafin ka sake tashi, tabbata 1 ka sa. Sau da yawa motar da ke ta mutuwa a jere, a 3 take.

Mataki na 6: Tsayawa

Idan kana da gudu, birki ne farko. Ɗage ƙafa daga totur, taka birki a hankali kana ƙarawa, ka bar motar a giyarta. Idan gudun ya ragu har allura ta kusa 1,000, ko ka ji inji zai fara rawa, taka kuloci har ƙasa. Dab da tsayawa, ɗan sassauta birki don kada motar ta fizgi mutanen ciki gaba. In kuwa rarrafe kake yi a giya 1, kuloci ne farko sannan birki.

Kada ka saba da taka kuloci tun daga nesa. Yin haka yana raba mota da inji, ta tafi sakaka, duk aikin ya koma kan birki.

In tsayuwar za ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, mayar da giya firi, ɗage ƙafa daga kuloci. A tsayawar gaggawa kuwa, taka birki da iya ƙarfinka, kuloci ya biyo baya. Idan motar tana da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi, za ka ji fedar tana bugun ƙafarka, kada ka saki, aikinta take yi.

Mataki na 7: Ƙara giya

Giya 1 ta tashi ce kawai. Da mota ta yi tsawonta biyu ko uku, lokacin 2 ya yi. Tsarin shi ne: ɗage totur da taka kuloci a tare, canja giya, ɗago kuloci, mayar da totur. Taka kuloci da sauri ake yi, ɗagowa ce ke son natsuwa. Daga 1 zuwa 2 ka ɗan dakata a makama, domin nan ne tazarar da ke tsakanin giya da giya ta fi yawa kuma nan mota ta fi fizga. Daga 3 zuwa sama ana iya ɗagowa kai tsaye.

A tuƙi na yau da kullum, ana canjawa a wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a motar fetur, dizal kuma ƙasa da haka kaɗan, wajen 1,500 zuwa 2,000. Ta fuskar gudu, a ƙaramar mota mai giya biyar abin yakan kasance kamar haka: giya 1 har zuwa kilomita 15 ko 20 a awa, giya 2 har wajen 30, giya 3 har wajen 50, giya 4 har wajen 70, daga nan sai 5. Wannan ƙiyasi ne, motoci sun bambanta. Da kaya mai nauyi ko a hawa, sai a bar kowace giya ta ja fiye da haka.

Kunne ya fi agogo. Inji na ihu, yana neman babbar giya. Yana rawa da gunaguni, ka taka totur ba ya amsawa, giyar ta yi masa girma. Wannan na biyun mutane ke rainawa, suna ganin tattalin mai suke yi, alhali jan mota a giya 4 da gudun 25 wahalar da inji ne.

Mataki na 8: Rage giya

Da birki ake rage gudu, sannan a sa giyar da ta dace da sabon gudun. Ba dole ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Kana 5 ka rage zuwa kilomita 40, sa 3 kai tsaye. Kana 4 za ka sha kwana, rage ka sa 2.

A nan ɗagowar kuloci tana bukatar natsuwa fiye da wajen ƙarawa, domin inji zai ƙara juyi ne don ya dace da ƙaramar giya. Ka saki da sauri, motar ta yi turjiya kamar an ja ta ta baya, a kan jiƙaƙƙen titi ma taya na iya zamewa. Idan hannu ya faɗa, akwai dabara: bayan ka gama birki, kuloci na ƙasa, ɗan taɓa totur sau ɗaya allura ta hau, ka ɗago kuloci kafin ta sauko. Sai giyar ta shiga lami lafiya, faifan ma bai goge ba.

Gargaɗi mai nauyi: a babban gudu, idan kana son 4 daga 5 ka ja sanda hagu da ƙarfi, za ta iya faɗawa 2. Tayoyi za su tilasta wa inji juyin da ya fi ƙarfinsa, kuma na'urar da ke taƙaita juyi ba ta iya hana wannan, domin mai take yankewa kawai. Injin na iya lalacewa nan take. In kana ɗago kuloci ka ji inji ya fara ihun da bai dace ba, mayar da ƙafarka ƙasa maza.

Giya 1 ba a sa ta sai mota ta tsaya ko tana tafiyar da ba ta wuce ta ƙafa ba. In ta ƙi shiga, kada ka tilasta.

Kafin kwana ake gama birki da canja giya, a shiga kwanar kuloci a sake, hannu biyu a kan sitiyari. Kwanar cikin gari yawanci giya 2 ce. Wajen wuce wata mota a babban titi kuma, sauko giya ɗaya ko biyu kafin ka fita, don motar ta amsa da zarar ka taka.

Mataki na 9: Ribas

Sai mota ta tsaya cak. A motoci da yawa ribas ba ta da abin da ke daidaita juyin haƙoran giya kafin su haɗu, shi ya sa take ƙara. Taka kuloci, jira daƙiƙa biyu ko uku, sannan ka sa. Idan ta ƙi, mayar firi, ɗage kuloci, sake takawa, sake gwadawa. Sa 1 kafin ribas ma yana taimakawa. Da kuloci ake sarrafa gudun baya, totur kaɗan ko babu, kana waiwaye.

Mataki na 10: Tashi a kan tudu

Fara da ɗan tudu marar tsanani inda babu kowa a bayanka. Birkin hannu a ja, kuloci ƙasa, giya 1. Ba da totur fiye da na fili, wajen 2,000. Ɗago zuwa makama har ka ji motar tana jan birkin hannu, a yawancin motoci gabanta zai ɗan ɗaga. Tsayar da ƙafafu biyu yadda suke. Ɗan ɗaga sandar birkin hannu, danna maɓallinta, sauke a hankali. Idan ka samu makama daidai, motar za ta tsaya cak ko ta fara hawa. Ƙara totur, ƙarasa ɗage kuloci sannu a hankali fiye da yadda kake yi a fili.

Ta koma baya? Ba ka kai makama ba. Taka birki da kuloci, ja birkin hannu, sake farawa. Kada ka fizge kuloci don ka tare ta. Ta mutu? Ka wuce makama, ko totur bai isa ba.

Inda birkin hannu ba ya kamawa sosai, ana yi da na ƙafa: riƙe birki da ƙafar dama, ɗago kuloci har inji ya fara rawa, sannan ka mayar da ƙafar dama kan totur da sauri. Makama za ta riƙe motar na ɗan lokacin. Hanya ce ta fita kunya a ƙaramin tudu, amma a gyara birkin, domin a babban tudu da kaya ba ta da tabbas. Motoci na baya-bayan nan da yawa suna riƙe birki da kansu na kamar daƙiƙa biyu bayan ka ɗage ƙafa, masu birkin hannu na maɓalli kuma sukan sake shi da kansu idan ka fara tashi. Duba littafin motarka ka san irin taka.

Abin da ba a yi shi ne tsayar da mota a kan tudu da kuloci da totur ana jiran danja. Minti ɗaya na wannan ya fi tashi da yawa cin faifai.

Mataki na 11: Gangara

Giyar da za ta hau tudu, ita ce ta sauka daga kansa. Sa 3 ko 2 tun daga sama, ɗage totur, inji zai riƙe motar. Ƙararsa za ta ƙaru, ba laifi. Taka birki da ɗan ƙarfi ka rage, ka saki ya huce, ka sake. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa a doguwar gangara yana dafa shi ne, kuma birkin da ya yi zafi ya wuce kima yana daina kamawa.

Sakin mota a firi don tattalin mai tsohon tunani ne. Injin zamani yana yanke mai idan mota na gangarawa a giya ba a taka totur ba, a firi kuwa dole ya sha mai don ya riƙe sulo. Kashe inji a gangara ya fi wannan muni: bayan taku ɗaya ko biyu birki zai yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, idan aka murɗa makulli har ƙarshe ma yana iya kullewa.

Mataki na 12: Cunkoso da fakin

A cunkoso, bar tazara ta taru a gabanka, sannan ka tafi a giya 1 kuloci a sake, sulo na jan ka. Bin motar gaba taku-taku yana gajiyar da ƙafa da faifai. In ka tsaya a bayan wata mota, ka iya ganin inda tayoyinta na baya suka taɓa ƙasa, musamman a tudu, domin ita ma tana iya komowa.

Wajen fakin, ja birkin hannu, kashe inji, sannan ka bar ta a giya: 1 idan tana fuskantar hawa ko a fili take, ribas idan tana fuskantar gangara. A kan tudu, karkata tayoyin gaba yadda in ta zame za ta nufi gefen titi.

A yashi, laka ko wuri mai santsi, tashi da giya 2 da totur kaɗan yana rage wa taya juyawa a banza.

Ɗabi'un da ke kashe kuloci da giya

Ɗora ƙafa a kan fedar kuloci ana tafiya shi ne na farko. Ko nauyin ƙafar kaɗai yana sa boris ɗin da ke tura kuloci ya yi ta aiki, yana kuma iya rage matsin faifan. Yawancin motoci suna da wurin ajiye ƙafa a hagun feda, don haka aka yi shi. Na biyu, barin hannu a kan sandar giya, wanda ke danna ƙarfen da ke tura giya a ciki. Sai riƙe kuloci a ƙasa tsawon jiran danja, da canja giya ba a kai feda ƙarshe ba, da sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba.

Kulocin da ya fara ƙarewa yana nuna kansa. Makama tana hawa sama har kusan ƙarshen feda. A giya 4 ko 5, ka taka totur a hawa, allurar inji ta haura amma gudu bai ƙaru ba: faifan yana zamewa, sai canji. Idan kuwa giya ke wuyar shiga, musamman 1 da ribas, ko feda ta yi laushi tana nutsewa, kulocin ne ba ya rabuwa sosai. A mota mai kulocin mai, duba matakin man, wanda a motoci da yawa kofi ɗaya suke sha da birki. In ya ragu, akwai inda yake yoyo, kuma tunda abin na iya shafar birki, a kai wa bakanike ba tare da jinkiri ba. A mai kulocin waya, wataƙila wayar ce ke son ɗauri ko canji.

Idan batir ya yi sanyi

Mota mai giyar hannu tana tashi da turi. Murɗa makulli har fitilun allo su kama, taka kuloci, sa giya 2, sauke birkin hannu. Masu turi su kai ta gudun sassarfa, wajen kilomita 10 a awa. Ɗage kuloci da sauri, inji na kamawa ka sake taka shi, ka ɗan ba da totur. Ana zaɓar 2 ne saboda 1 tana turjewa da ƙarfi har taya ta ja ƙasa. Ka tuna birki yana da tauri kafin inji ya tashi, saboda haka a yi a wurin da babu kowa a gaba. In an gwada sau biyu ko uku ba ta kama ba, a bari, domin ɗanyen mai yana taruwa a bututun hayaƙi ya lalata matatar da ke cikinsa. Idan fitilun allo ba sa kamawa ko kaɗan, famfon mai da kwamfutar mota ba su da wutar aiki, turi ba zai yi ba, sai a haɗa waya da batir ɗin wata mota.